Ranar da Baba Ya Tafi da Baya

Kunnena na hagu har yanzu bai koma bakin aiki ba, farar shaddata tana jiƙe a bokiti, surukina kuma tun jiya ya daina ce mini Injiniya, ya koma Malam. Gara in rubuta abin da ya faru da hannuna, don labarin da ke yawo a wayoyin Hausawan Houston ya fara yin rassa. Ɗazu wani ya bugo daga Dallas yana jajanta mini, wai ya ji motar ta tashi sama. Ba ta tashi sama ba, jama'a. Baya ta yi.

Motar Chevrolet Nova ce ƙirar 1969, mai ƙofa biyu, daga dangin da Amurkawa ke kira motocin ƙwanji: jiki madaidaici, inji na fitar hankali. Pontiac GTO ce ta fara wannan yayi a 1964, aka yi ta gasar girman inji har tsadar inshora da dokokin hayaƙi da takunkumin mai na 1973 suka taru suka kashe kasuwar. Sai dai tawa ƙwanjin nata a suna ya tsaya. Injin 307 ta zo da shi, lita 5, giya biyu kacal, dawaki 200 a takarda, kuma ina kyautata zaton rabinsu sun mutu tun zamanin Shagari. In danja ta ba da hannu na taka totur, sai ta yi shawara da zuciyarta tukuna.

Shi ya sa na je filin 'yan gwangwan na sayo 454. Lita 7.4 ke nan, silinda 8, injin da a 1970 aka ɗora wa Chevelle aka rubuta masa dawaki 450. Nawa dai ba daga Chevelle ya fito ba, daga cikin wata ruɓaɓɓiyar motar yawon shaƙatawa aka zaro shi, irin mai gado da kicin a ciki, amma jini ɗaya ne. Kamfanin bai taɓa sa 454 a Nova ba, a 396 ya tsaya. To amma ta waje girmansu ɗaya, bambancin a ciki yake, kuma a 1969 ɗin nan wani dillalin motoci a Pennsylvania, Don Yenko, ya cusa 427 a cikin Nova da ba su kai 40 ba ya sayar. Na ce ramin da ya ɗauki 396 ai zai ɗauki yayansa.

Wahalar da ta biyo baya ba ita na zo faɗa ba, don haka a gurguje. Sabon injin ya fi tsohon nauyi da kusan kilo 50, gaban motar ya durƙusa, aka sake sifirin. Lagireto ya yi kaɗan, aka sake. Giyabos mai giya biyu ba za ta iya da shi ba, aka kawo TH400 mai uku, ita kuma mazauninta daban, aka sake ƙarfen da take zama a kai, aka kai farfela aka gyara tsawonta. Bonet ya ƙi rufuwa, aka kwance shi aka jingina da bango. Sannan bututan hayaƙi, huɗu kowane gefe, na gefen direba suka zo suka tokari wata siririyar sanda. Sandar nan ita ce ke tasowa daga hannun giya da ke jikin sitiyari, ta gangara ta kama wani ɗan kunne a gefen giyabos. In ka ja hannun daga P zuwa R, ita ke kai saƙon ƙasa. Aka cire ta, aka ɗora a kan firjin gareji, da niyyar a ɗan lanƙwasa ta a mayar. A riƙe sandar nan a rai. Wani bai riƙe ba.

Ana cikin haka Baba ya iso daga Kano, ganin likita da ganin jikoki. Mahaifin maiɗakina tsohon direba ne, ya cinye ƙuruciyarsa a hanyar Kano zuwa Jos da Peugeot 504 mai dogon baya, haɗin Kaduna, kuma a wurinsa daga kanta aka gama ƙera mota, duk abin da ya biyo baya neman magana ne. Bai daɗe a falo gaban talabijin ba ya jiyo ƙarar sifana. Ya ɗauki kujerar roba da ledar goronsa ya dawo gareji. Tun daga ranar ban ƙara ɗaure noti ɗaya ba tare da fatawa ba.

Duk wanda ya san surukuta ya san halin da na shiga. Mutumin da ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, in zan gifta sai na rusuna, shi ne zai ce a yi wa inji kaza, ni kuma ba ni da bakin musu. Iyakata in ce, "To Baba, za a duba."

"Injiniya," ya ce ranar farko, yana ƙirga wayoyin fulogi da yatsa. "Takwas?"

"Takwas ne, Baba."

"Huɗu suka kai ni Jos suka dawo da ni, mota cike da fasinja, ga buhunan dankali a sama. Waɗannan ragowar huɗun ina za su kai ka?"

Na ce za a duba.

Da ya ga ina jera wayoyin bisa tsarin da injin ke bi, 1-8-4-3-6-5-7-2, har na rubuta a jikin kwali don kada in ruɗe, sai ya daɗe yana kallon kwalin. Ya ce daga ɗaya a yi tsalle zuwa takwas a dawo huɗu, wannan ba lissafin mai hankali ba ne, wanda ya tsara shi a duba abin da ya sha. In jera su ɗaya, biyu, uku, yadda Allah ya jera su, in gani in motar ba ta gode mini ba. Da tiyon lagireto ya ɗan yi ɗigo, ya aika jikansa kicin ya ɗebo garin rogo, ya ce da tafi ɗaya ya taɓa toshe lagireto a tsakiyar dajin Falgore, kuma garin yana ciki har ya sayar da motar. Na karɓi garin da hannu biyu. Yana nan a aljihun rigar aikina.

Amma fatawar da na fi so ita ce ta faifai. A bayan injin akwai wani faffaɗan faifan ƙarfe mai haƙora a baki, wanda kik ke kamawa ya juya. Na 454 yana da wani ƙullutun ƙarfe liƙe a gefe guda, kuma da gangan aka liƙa shi, don wannan injin ba a gama daidaita nauyinsa a ciki ba, an bar saura a waje, wani a faifan baya, wani a gaban kiranshaf. Ka sa masa faifai marar ƙullutu, in ya tashi sai girgiza ta kwance maka duk notin da ka ɗaure. Na sha yawo kafin in samo na daidai. Baba ya ɗauke shi ya juya, ya shafa ƙullutun da babban yatsa, ya yi tsaki.

"An cuce ka. Wannan gyaran walda ne. Ka ga nan? Fashewa ya taɓa yi suka liƙe. Akwai mai walda a garin nan?"

"Akwai, Baba."

"Kai masa ya sare shi ya goge wurin. Abu mai juyawa ba ya son ƙari a gefe guda. Ko yaron mota ya san wannan."

Abin haushin, maganar tasa gaskiya ce a kusan ko'ina ban da injin da ke gabanmu. Sai da ya kwanta na lallaɓa na ɗaura faifan na rufe da giyabos. Da safe ya tambaya, na ce an duba.

Ranar da batir ya yi sanyi kuwa, ya ce ba sai an jira caji ba, a kira yara su tura, a sa giya biyu a saki kuloci. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa motar ba ta da kuloci. Ya sunkuya ya leƙa ƙasan sitiyari, ya ƙirga feda biyu, ya ɗago ya dube ni da tausayi na gaske.

"Faifai mai walda, mota ba kuloci. Injiniya, kai dai mutumin kirki ne."

Ta ɗaya gefen kuma akwai maƙwabcina na tsallaken titi, wani dattijon Bature ɗan fansho, wanda ban taɓa ganin hannunsa na dama babu kofin gahawa ba. Shi fatawarsa ɗaya ce tak, kullum ita yake maimaitawa: da injin LS na sa, irin na a-kori-kurar zamanin nan, ya fi sauƙin nauyi, ya fi tattalin mai, ba ruwansa da kafireto. Gaskiya ce, kuma ba ta da amfanin sisi ga mutumin da ya riga ya zuba kuɗin hutun iyalinsa a cikin 454. Baba ba ya jin Turancin Teksas, Baturen ba ya jin Hausa, amma suka ƙulla abota a kan abu guda: in na ɗaga sifana sai su dubi juna su girgiza kai tare. Har goro Baba ya ba shi. Ya tauna, hawaye ya cika masa ido, ya ce da daɗi.

Jiya Lahadi maiɗakina ta shirya walimar gaishe da Baba. Kanawa, Zazzagawa, mutanen Maraɗi da Damagaram, har da Hausawan Kumasi, gida ya cika. Waina da miyar taushe, dambun nama, da wata ƙatuwar kular zoɓo mai famfo da aka ɗora kan ɗan tebur a waje, a hanyar fitar mota, don a ciki babu wuri. Na sha farar shadda da zanna. Niyyata ko kallon motar ba zan yi ba. Aka yi Azahar, aka ci aka sha, sai na ji muryar Baba daga tsakiyar falo: "Ku taso ku gani, yau Injiniya zai tayar da motar nan."

A gaban taro ba a ce wa suruki za a duba.

A nan sai na ɗan yi bayani, saboda masu cewa ganganci ne ya sa na buɗe mata wuta. Inji irin wannan in an sa masa sabon kamshaf, tashin farko ba a barinsa a silo. Man da ke jiƙa kamshaf, kiranshaf ne ke fantsamo shi, in juyi ya yi ƙasa man ba ya isa, sabon ƙarfe ya cinye kansa tun ba a je ko'ina ba. Ƙa'ida ita ce da ya kama a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti, na tsawon minti 20 zuwa 30. Don haka tuntuni na murɗa sukurun kafireto ya buɗe totur daidai hakan. Salansa ba a kai ga ɗaurawa ba, bututan a buɗe suke. Fetur kuma daga galan yake sha ta tiyo. Ni dole in tsaya kusa da injin in ga ko wani abu na zuba, don haka na haɗa ɗan maɓalli mai doguwar waya zuwa kik, irin wanda kanikawa ke tayar da mota da shi daga waje. Duk wannan daidai yake. Kowane bakanike haka zai ce maka.

Baba ya ce shi a ciki zai zauna, don lafiyar mota ta kujera ake jinta. Ya tattare babbar rigarsa ya shiga gefen fasinja, ya sauke gilashi, ya ɗora gwiwar hannu a taga, carbi na lilo. Na leƙa na murɗa makulli, na dubi allurar giya, tana kan P daram. Na dubi tayar baya in ga guntun katakon da ke tare ta. Babu shi. Daga baya aka same shi a bakin famfo, ashe a kansa Baba ya zauna ya yi alwalar Azahar. A lokacin dai na ce a raina, ai tana P.

Hannun giya ne ke P. Can ƙasa kuwa, wajen ɗaura bututu, gwiwar hannun wani ta taɓa ɗan kunnen nan na giyabos ta matsar da shi taki ɗaya. Taki ɗaya daga P, duk mai tuƙi ya san ina ne. Sandar da za ta sanar da na sama halin da na ƙasa ke ciki tana kan firji, kusa da katan ɗin lemo.

Na yi bismillah na danna.

Ta kama. Wallahi ta kama nan take, ba tari ba gardama. Ƙarar ba ta kunne take shiga ba, ƙirji take duka. Gwangwanayen fenti suka hau rawa a kan kanta, yara suka toshe kunne suka watse, wata 'yar shuɗiyar wuta tana leƙowa ta ƙarƙashi. Maza suka ɗau kabbara. Na hango bakin Baturen yana motsi daga tsallake, na san abin da yake faɗa. Ga kuma abin da ya fi ci mini rai: motar ba ta motsa a take ba. Giyabos ɗin sabon zubin mai ce, sai famfonta ya cika hanyoyinsa tukuna. Wannan ya ba ni 'yan daƙiƙoƙi na zama babban mutum. Na gyara zaman hula. Na juya na dubi jama'a. Na dubi maiɗakina a bakin ƙofar kicin, wadda ta sha gaya mini da kuɗin nan a ginin Kano aka sa da tuni an kai linta, na ɗaga mata gira. Sannan na juyo, kuma a karon farko tun da aka ɗaura mana aure na haɗa ido da surukina, ta gilashin gaba, babu bonet a tsakaninmu. Ya dunƙule hannu ya yi mini jinjina.

Sai na ji ƙwas.

Sai Baba ya fara ƙanƙancewa.

Haka idona ya gani, ban gane motar ce ke tafiya ba. Injin da ke ƙarƙashin hancina ya janye, wayar maɓalli ta miƙe ta fizge, tiyo ya fice daga galan, tayar baya ɗaya ta yi kuka ta bar baƙin layi a siminti. Baba kuwa yana nan yadda yake, jinjina a sama, gwiwa a taga, yana ja da baya cikin natsuwa kamar hakimi ran hawan Daushe da dokinsa ya sake shawara. Ni ina tsaye ina danna maɓallin da ba ya haɗe da komai. Na yi ta danna shi. Har yanzu ban san abin da nake fata ba.

Kular zoɓo ce ta fara shahada. Bamba ta kwashe ta da teburinta, ta fashe, ja ya malale tun daga bakin gareji har titi. Matan da ke ciki ba su ga kula ba, ja kawai suka gani da motar da ta tafi da Baba. Salatin da ya tashi ya kusa danne injin.

Na ruga. Makullin motar nan a jikin sitiyari yake ta dama, wato ta gefen fasinja, 1969 ce ma shekarar da aka ɗauke shi daga dashbod aka mayar can. Tsakaninsa da hannun hagun Baba bai wuce kamu ɗaya ba. Murɗawa ɗaya, magana ta ƙare. Abin da ya kamata in kurma shi ne, kashe! Amma bakina da ya sha tarbiyya shekara da shekaru ya ƙi. Ina gudu ina ɗaga hannu, abin da ya fito shi ne, "Baba, don Allah ko za a ɗan murɗa makullin?" Ko a ɗaki shiru ba lalle a ji wannan ba.

Shi kuwa Baba ba shi da irin wannan matsalar. Ya leƙo da kai ta taga, hularsa ko gezau, ya buɗe muryar nan ta tasha wadda ba ta buƙatar lasifika:

"Taka birki! Injiniya, taka birki!"

Ina roƙon mai karatu ya ɗan tsaya a nan, don ni tun jiya a nan nake tsaye. Birki yana cikin mota. Baba yana cikin mota. Ni ina waje, a guje, da maɓalli a hannu. Duk faɗin Amurka mutum ɗaya ne ke da ƙafa kusa da fedar nan, kuma shi ne ke ba ni umarni. Kuma Allah shaida, na taka. Suruki ya ce a taka, ƙafata ta dama ba ta jira shawarar kaina ba, ta ɗaga ta nemi birki a kan siminti, ta same shi a cikin zoɓo.

Faɗuwar ba ta gaggawa ba ce. Ƙafa ta yi gaba, hula ta yi baya, na ga rufin gida, na ga sararin sama, na ga wani jirgi yana wucewa abinsa, sannan na sauka da gadon baya na zame. Daga kwance, ta tsakanin ƙafafuna, na kalli saura. Motar ta tsallaka titi ba ta duba hagu ko dama ba, ta ratsa tsakanin motocin baƙi biyu ta ratar da ni da hannuna a sitiyari ba zan iya bi ba, ta tumɓuke akwatin wasiƙun Baturen, sannan tayoyin bayanta suka faɗa lambatun gaban gidansa, irin buɗaɗɗen lambatun da unguwanni da yawa ke da shi a nan saboda ruwan Houston. Gindi ya nutse, hanci ya ɗaga. Gaban da na kashe kuɗin sifirin don ya ɗago, ranar ya ɗago har ya wuce misali. Da daddare na yi lissafi da giyar da ke bayanta: da ta samu fili, a wannan juyin, da ta kusa kilomita 40 a awa. Da baya. Da surukina.

Injin bai mutu ba, don fetur ɗin da ya rage a kafireto bai ƙare ba. Taya tana ta wulwulawa a cikin taɓo, kuma da yake ribas take, feshin ba baya yake yi ba, gaba yake yi, wato wajen wanda ya taso ceto. Baturen yana tsaye a bayanta fes, da kofinsa. Ni na iso ja a ƙasa, baƙi a sama. Ƙofar direba ta manne da bakin kwalbati, gilashinta a rufe. Saura tagar Baba.

Na tsaya. Na yi sallama. Na rantse na yi sallama. Na ce, "Baba, a gafarce ni," na zura kai da kafaɗa da rabin ciki ta tagar, na kwanta a kan cinyar surukina, ƙafafuna suna reto a waje a gaban Hausawan ƙasa uku, na miƙa hannu na murɗe makullin.

Shiru ya sauka, ni kuma ina nan kwance. Ina jin ƙamshin turarensa. Ina ganin aikin aljihun rigarsa kusa-kusa, zare ɗaya ya fita, ga ɓallin goro a ciki. Zoɓo yana ɗiga daga gemuna kan farar rigarsa, ɗis, ɗis, ina kallon kowane ɗigo yana faɗaɗa. Shiga dai na shiga da uzuri. Fita kuwa sai an ja da baya, ni kuma na ƙoshi da baya a ranar.

Baba ya dubi ƙeyata ya ce, "Ribas ɗinta lafiya lau. Malam, ɗaga ni."

Akwai bidiyo, ba sai an faɗa ba. 'Yata ta fari ta rage masa gudu ta nuna mini, kuma a ciki na ga abin da ban san na yi ba: lokacin da nake roƙon a murɗa makulli, a tsakiyar gudu, na ɗan rusuna. Takun birkin ma ya fito sarai, har da ɗan lanƙwasa gwiwa irin na direban da ya san aikinsa. Wurin nan mutane suka fi maimaitawa.

Wani maƙwabci da ya hango ja ya kira motar asibiti. Suka zo suka wuce Baba, wanda ke tsaye yana kakkaɓe riga, suka kwantar da ni a kan ciyawa suna neman rauni. Suka duba kai, suka duba baya, sai ɗaya daga cikinsu ta shinshina safar hannunta ta dubi abokin aikinta. Maiɗakina ta yi musu bayani, har da citta da kanumfari, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Wani ɗan tasi a cikin baƙinmu ya durƙuso ya raɗa mini cewa akwatin wasiƙa a ƙasar nan dokar tarayya ce ke kare shi, in shirya. Wani ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Baturen ya dubi ramin da akwatinsa ya bari, ya dubi injin, ya buɗe baki. Na ɗaga masa hannu. Ya faɗa duk da haka.

"Baba," maiɗakina ta ce, muryarta na rawa, "ga makulli a gabanka, me ya hana ka kashewa?"

"Fasinja ba ya taɓa makullin direba. Na taɓa sauke mutum a Saminaka da daddare a kan abin da bai kai wannan ba."

"To Baba, wane ne direban?"

Ya nuna ni da haɓa. Ina kan ciyawa.

Mai janwe ya zo ya ciro ta. Kafin ya sauke ta ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, na ji ƙwas, da yatsa biyu ya mayar da ɗan kunnen wurinsa. Ya fito yana goge hannu, ya tambaya ina sandar da ke nan. Na fara cewa za a duba, sai ɗan autana ya ce ya san inda take. Ya ruga gareji ya hau kujerar Baba, ya dawo da ita a ɗage sama yana murna, ya ratsa ta tsakiyar baƙi kowa ya gani.

Baba ya karɓa ya juya ta ya miƙa wa yaron. Ya ce wannan 'yar sandar ba ta isa ta tafi da mota ba. Fulogi ne. Takwas sun yi yawa, ƙarfin ya taru ya rasa inda za shi, gaba bango, sai ya koma baya. Mutanen Maraɗi suka ce lalle akwai hikima a maganar.

Yau da safe na same shi a gareji, a kujerarsa, yana kallon bambar da ta lotse. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam, in za ka sake tayar da ita, juya ta tukuna. Hancinta ya kalli titi, gindinta ya kalli cikin gida. In ta tafi, asarar ta tsaya a namu."

Daga ciki maiɗakina ta ce, "Baba, bayan bangon nan kicin ne."

"To a fara sauke tukunya."